Ko Akwai Abin da Ya Fi Haske Gudu?



Tambayar da zan tattauna a yau gajera ce, amma ta fi shekara ɗari tana wahal da masana ilmin fiziks: shin akwai wani abu, mai jiki ko saƙo, da zai iya wuce haske gudu? Zan fara da bayyana yadda aka san gudun haske, sa'an nan dalilin da ya sa aka ce shi ne iyaka, kana in zo ga abubuwan da suka yi kama da sun ƙetare iyakar, daga bisani kuma in kawo ƙoƙarin da masana suka yi na faɗaɗa ka'idar Einstein.

HASKE MATAFIYI NE

Duk wanda damina ta taɓa ritsawa da shi a gona, a Nasarawan Doya ko a fadamun rake na ƙasar Maƙarfi, ya san ana ganin walƙiya kafin a ji tsawa. Dalili kuwa shi ne sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a sakan guda, watau sai ya yi sakan uku kafin ya ci kilomita ɗaya. Haske kuwa kamar ba ya ɓata lokaci ko kaɗan, shi ya sa masanan dā da yawa suka ɗauka ba tafiya yake yi ba. Ibn al-Haisam, mutumin Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, yana cikin waɗanda suka ce a'a, haske yana bukatar lokaci kafin ya isa, sai dai lokacin ya yi ƙanƙantar da ido ba ya riskarsa.

Hujja ta farko ta zo a 1676, sa'ad da Ole Rømer, mutumin Denmak mai aiki a Paris, ya lura cewa husufin wani wata na duniyar Mushtari yana jinkiri idan duniyarmu ta nisanta da ita, yana kuma zuwa da wuri idan ta matso. A 1849 Hippolyte Fizeau ya auna gudun a doron ƙasa da wata ƙafa mai haƙora da madubi. A yau adadin shi ne mita 299,792,458 a kowane sakan, watau kusan kilomita 300,000. Tun 1983 ma da wannan adadi ake ƙayyade tsawon mita kanta.

Bari mu sa wa adadin nan jiki. Daga Zariya zuwa Kano haske ba ya bukatar fiye da kimanin kashi ɗaya cikin 2,000 na sakan. Daga wata zuwa nan sakan ɗaya ne da ɗan kai, daga rana kuwa minti takwas da sakan ashirin. Taurarin nan da muke kira Kaza da 'Ya'yanta suna nesa da mu tafiyar haske ta kimanin shekara 440. Hasken da za ku gani daga gare su ya baro can fiye da shekara ɗari biyu kafin jihadin 1804. Har a harkar yau da kullum ana jin jinkirin nan: tauraron sadarwa na Nijeriya, NigComSat-1R, wanda aka harba a 2011, yana tsaye ne kimanin kilomita 36,000 a sama, saboda haka saƙon da ya hau ya sauko sai ya ci kusan rubu'in sakan.

INDA LISSAFIN KASUWA YA GAZA

A ɗauka babbar mota ce ta ɗauko rake tana tafiyar kilomita 60 a awa, yaron mota kuma ya jefa guntun rake gaba da gudun kilomita 20 a awa. Wanda ke tsaye a bakin titi zai ga guntun yana gudun kilomita 80. Wannan lissafi ne da kowa ya yarda da shi. To, idan direba ya kunna fitila fa? Hankali zai ce gudun hasken fitilar shi ne gudun haske a tara da na mota. Amma gwaji ya ƙi amincewa. A 1887 Albert Michelson da Edward Morley, a birnin Cleveland na Amurka, sun nemi bambancin gudun haske ta fuskar da duniya ke tafiya da ta fuskar da ta gitta mata, ba su sami komai ba.

A 1905 Albert Einstein, yana ɗan shekara 26, ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na birnin Bern, ya karɓi wannan al'amari a matsayin tushe. Ya ce dokokin halitta iri ɗaya ne ga duk masu tafiya bisa gudu madaidaici, kuma dukkansu za su auna gudun haske su sami adadi ɗaya. In haka ne, lalle agogo da ma'aunin tsawo ne za su bambanta tsakanin mai tafiya da na tsaye. Wannan ita ake kira ka'idar dangantaka ta musamman. A cikinta gudu ba ya taruwa kamar kuɗi. Idan jirgi yana rabin gudun haske, ya kuma harba wani abu gaba da rabin gudun haske, na tsaye zai auna kashi huɗu cikin biyar na gudun haske, ba cikakkensa ba. A gudun motocinmu bambancin ya yi ƙanƙantar da ba a lura da shi, shi ya sa lissafin yaron mota yake wadatar da mu.

Kada a ɗauka zancen takarda ne. Akwai wasu ƙwayoyi da ake kira miyuwon, waɗanda ke samuwa kimanin kilomita 15 a sama idan haskoki daga sararin samaniya suka bugi iska. Rayuwarsu kimanin kashi biyu cikin miliyan na sakan ce, wadda ba za ta kai su fiye da mita 700 ba. Duk da haka suna isowa ƙasa da yawa, suna ratsa rufin wannan zaure yanzu haka, domin agogonsu yana tafiya a hankali idan aka auna shi da namu. Taurarin GPS da wayoyinmu ke dogara da su ma sai an gyara agogonsu da kimanin kashi 38 cikin miliyan na sakan kowace rana, bisa lissafin Einstein. In ba a yi ba, kuskuren zai taru ya kai kilomita goma a yini.

KATANGU BIYU

Katanga ta farko ta makamashi ce. Gwargwadon yadda abu mai nauyi ya kusanci gudun haske, gwargwadon yadda ƙara masa gudu ke ƙara tsada. A kashi 90 cikin ɗari na gudun haske, jimlar makamashinsa ta ninka ta zamansa a tsaye sau biyu da ɗoriya. A kashi 99 ta ninka sau bakwai. A kashi 99.9 ta ninka sau ashirin da biyu. Kafin ya kai gudun haske sai an ba shi makamashi marar iyaka. A cibiyar CERN da ke kusa da Janeba, akwai rami mai zagaye na kilomita 27 inda ake kora ƙwayoyin furoton har makamashinsu ya ninka kusan sau 7,000, amma har yanzu haske yana gabansu da kimanin mita uku a sakan. Sauri, in ji Bahaushe, ya haifi nawa.

Katanga ta biyu ta fi wuyar haurawa, ita ce ta sababi da sakamako. Mu koma ga motar rake, mu sa aci-balbal a tsakiyarta daidai. Na cikin mota zai ga hasken ya isa gaba da baya a lokaci guda. Na bakin titi kuwa zai ga bayan mota yana tarar hasken, gabanta yana guje masa, don haka baya aka fara haskawa. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Ashe ke nan «lokaci guda» ba abu ɗaya ba ne ga kowa.

Muddin haske zai iya tashi daga aukuwa ta farko ya riski ta biyu, dukkan masu kallo sun yi ittifaƙi a kan wadda ta riga. Amma idan saƙo ya fi haske gudu, lissafi ya nuna akwai matafiyin da zai ga saƙon ya isa kafin a aiko shi. Idan shi ma yana da irin wannan na'ura ya mayar da amsa, amsar tana iya zuwa kafin a yi tambayar. Ɗan kasuwa zai ji farashin masara na gobe a Dawanau tun yau. Ya fi haka muni: mutum zai iya aika wa kansa na jiya cewa kada ya aika saƙon da ya aika. Einstein ya hango wannan a 1907, Richard Tolman kuma ya fayyace shi a 1917. Saboda haka abin da ke cikin haɗari shi ne tsarin da ya sa shuka take gabatar girbi.

ABIN DA YA WUCE HASKE A ZARIYA

To, zan ba ku mamaki in ce akwai abin da ke wuce haske a nan garin. Iyakar da Einstein ya faɗa ita ce gudun haske a sarari wofi. A cikin ruwa haske yana rage gudu zuwa kimanin kilomita 225,000 a sakan, watau kashi uku cikin huɗu. Ƙwayar ilektiron mai ƙarfi tana iya wuce wannan ba tare da ta taɓa iyakar ainihi ba. Idan ta yi haka sai ta bar wani shuɗin haske a bayanta, kamar yadda agwagwa ke barin igiyar ruwa mai siffar kibiya a kududdufi idan ta fi igiyar sauri. Pavel Cherenkov ne ya gano shi a Masko a 1934, aka ba shi kyautar Nobel a 1958 tare da Ilya Frank da Igor Tamm waɗanda suka bayyana dalilinsa.

Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike, NIRR-1, mai ƙarfin kimanin kilowat 30, wadda ta fara aiki a 2004, aka kuma sauya mata makamashi zuwa yuraniyom marar ƙarfin tacewa a 2018. Zuciyarta cikin ruwa take. Duk sa'ad da aka tashe ta, ƙwayoyin ilektiron suna tsere wa haske a cikin ruwan nan, ba tare da sun saɓa wa Einstein ba.

Akwai kuma abubuwan da ke wuce iyakar don ba su ɗauke da komai. Da za ka sami tocila mai ƙarfin da haskenta zai kai nisan wata, ka karkata hannu da sauri, ɗigon hasken zai ratsa fuskar wata da gudun da ya fi na haske. Amma ɗigon ba abu ɗaya ba ne da ke tafiya daga gefe zuwa gefe. Haskoki ne dabam-dabam da suka taso daga hannunka. Mutumin da ke gefe ɗaya na wata ba zai iya aika wa na ɗaya gefen labari da shi ba.

Haka al'amarin ƙwayoyi masu ɗaurin gindi ɗaya, wanda ya dami Einstein a 1935. Ana iya shirya ƙwayoyi biyu a raba su nesa, idan aka auna ɗaya sai sakamakon ɗayar ya dace da shi fiye da yadda duk wata yarjejeniya ta tun farko za ta iya bayyanawa. John Bell ya nuna hanyar gwada wannan a 1964, gwaje-gwajen John Clauser da Alain Aspect da Anton Zeilinger suka tabbatar, aka ba su Nobel a 2022. Sai dai mai aunawa ba shi da ikon zaɓen sakamakon da zai fito, don haka ba ya iya rubuta saƙo da shi. Ba a ganin dacewar sai an haɗa takardun ɓangarorin biyu ta hanyar da ba ta wuce haske ba.

ƘOFOFIN DA MASANA SUKA ƘWANƘWASA

Ƙofa ta farko ita ce ta takiyon. A 1962 Bilaniuk da Deshpande da Sudarshan suka ce ka'idar ta hana ƙetare katanga ne, amma me zai hana a sami ƙwayar da aka halitta a bayan katangar tun asali? Gerald Feinberg ya raɗa mata suna a 1967, daga kalmar Girkanci mai nufin sauri. Halinta a birkice yake: idan ta rasa makamashi sai gudunta ya ƙaru. An neme ta shekara da shekaru ba a gan ta ba, kuma da za a iya aike da ita, matsalar sababi da sakamako tana nan.

Ƙofa ta biyu ta fito ne daga ka'idar dangantaka ta gaba ɗaya, wadda Einstein ya kammala a 1915. A cikinta sarari da lokaci kamar shimfiɗa ɗaya suke, wadda nauyi ke lanƙwasawa. A maƙwabtanmu aka fara gwada ta: ranar 29 ga Mayu 1919 Arthur Eddington ya ɗauki hoton husufin rana a tsibirin Principe, kudu da gaɓar tekun Nijeriya, wata tawagar kuma a Sobral ta Birazil, aka ga hasken taurari ya karkata a gefen rana. Waɗanda suka ga husufin 29 ga Maris 2006, wanda ya bi ta Gusau da Katsina da Maraɗi, sun ga irin duhun da ya ba da damar wannan awo.

Ka'idar ta iyakance gudun abu a cikin sarari, ba ta iyakance yadda sararin kansa ke miƙewa ba. Tun aikin Georges Lemaître na 1927 da na Edwin Hubble na 1929 aka san sararin samaniya yana faɗaɗa. Gungun taurarin da suka wuce nisan kimanin shekarar haske biliyan 14 suna nisantar mu fiye da gudun haske, alhali babu ɗayansu da ya tsere wa hasken da ke kusa da shi. A 1994 Miguel Alcubierre, ɗan ƙasar Meksiko, ya tambaya ko za a iya yin haka da gangan: a naɗe sarari a gaban jirgi, a warware shi a bayansa, kamar mai zaune a tabarma ana jan tabarmar. Kafin shi, a 1988, Michael Morris da Kip Thorne sun nazarci wani rami da zai haɗa wurare biyu masu nisa ta gajeriyar hanya. Lissafin duka biyun ya dace da ka'ida, amma kowanne yana bukatar makamashi mai ƙasa da sifiri, da yawan gaske, abin da ba wanda ya san inda za a samo. Har wa yau ana iya juya su su zama hanyar komawa jiya, abin da ya sa Stephen Hawking a 1992 ya yi hasashen cewa dokokin halitta da kansu za su hana.

Ƙofa ta uku ita ce gyara ka'idar kanta. John Moffat, sa'an nan Andreas Albrecht da João Magueijo a 1999, sun ba da shawarar cewa haske ya fi haka gudu a farkon halitta. Wasu masu neman haɗa ka'idar Einstein da ta ƙananan ƙwayoyi sun ce mai yiwuwa gudun haske ya ɗan bambanta gwargwadon ƙarfinsa. Kyawun waɗannan ra'ayoyi shi ne ana iya gwada su. A 2009 tauraron bincike na Fermi ya kama haskoki masu ƙarfi dabam-dabam da suka yi tafiyar shekara biliyan bakwai, suka iso cikin ƙasa da sakan ɗaya da juna. Ranar 17 ga Agusta 2017 kuma aka kama girgizar sarari daga karon taurari biyu masu nisan shekarar haske miliyan 130, hasken karon ya biyo bayanta da ƙasa da sakan biyu. Waɗannan awo sun rushe ra'ayoyi da dama, sun ƙuntata wa sauran.

DARASIN 2011

A Satumba 2011 masu gwajin OPERA suka ba da sanarwar cewa ƙwayoyin niyutirino da aka aiko daga CERN zuwa Gran Sasso ta Italiya, tafiyar kilomita 730 ta ƙarƙashin ƙasa, sun riga haske da kashi 60 cikin biliyan na sakan, watau tazarar kimanin mita 18. Jaridun duniya suka ɗauka. Masu gwajin dai ba su ce sun kayar da Einstein ba. Sun baje awonsu ne suka roƙi a taya su neman kuskure.

Masana sun yi shakka bisa hujja. A Fabrairu 1987 wani tauraro mai nisan shekarar haske 168,000 ya fashe, niyutirinonsa suka iso sa'o'i kaɗan kafin a ga haskensa, kamar yadda aka zata, domin su ne ke fara kuɓuta daga cikin tauraron. Da gudun da OPERA ta auna gaskiya ne, da sun riga hasken da kimanin shekara huɗu. A Fabrairu 2012 aka gano cewa wata wayar gilashi da ke kai saƙon agogo ba ta ɗauru sosai ba. Da aka gyara aka sake awo, sai niyutirino ya koma bayan iyaka. Ɗalibai, ku riƙe wannan: sakamako mai ban mamaki yana ƙara wa mai shi nauyin bincike, kuma wanda ya fito da kuskurensa fili ya yi wa ilmi hidima.

KAMMALAWA

A taƙaice, har zuwa yau ba a sami abu mai nauyi ko saƙo da ya wuce gudun haske a sarari wofi ba. Abubuwan da suka yi kama da haka, ko dai a cikin ruwa suke, ko ba su ɗauke da labari, ko kuwa sarari ne ke miƙewa. Amma binciken bai ƙare ba, gama ka'idar Einstein da ta ƙananan ƙwayoyi ba su gama jituwa ba, kuma a inda suka saɓa ne ake sa ran sabon ilmi.

Mu sani kuma muna nesa da iyakar ƙwarai. Kumbon Parker, abu mafi gudu da ɗan Adam ya ƙera, ya kai kimanin kilomita 190 a sakan a Disamba 2024, ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na gudun haske. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 zai bukaci fiye da shekara 70,000 kafin ya ci nisan tauraro mafi kusa da rana, wanda haske ke ci cikin shekara huɗu da 'yan watanni.

Kirana ga malaman sakandare na Ikara da Maƙarfi da Kudan da sauran garuruwanmu shi ne su fara daga abin da yara suka sani. A sa su ƙirga sakan tsakanin walƙiya da tsawa, su raba da uku, su faɗi nisan hadari. Yaron da ya yi wannan ya kama hanyar da Rømer ya bi, kuma ba a bukatar fiye da lissafin sakandare wajen fitar da jinkirin agogo. Ga ɗalibanmu na jami'a kuwa, tukunyar bincike tana nan cikin garinku, sai ku matsa kusa da malamanta.